Mai son Aburi a bakin teku

Kai yaro, jiya muna naɗe tiyo ka tambaye ni: wani mai masaukin baƙi a Kokrobite, can bakin teku, ya nuna maka hoton lambun Aburi, sanannen lambun itatuwan nan na Ghana, a waya, ya ce ka yi masa irinsa a ƙofar gidansa, ka karɓa ko ka bari? Ka ga na yi shiru na shige ɗaki. Ba da kai nake fushi ba. Tsohon miki ka fama mini.

A 2006 ne, shekara guda kafin a yanke wa sidi sifiri huɗu. Wani attajiri ya zo har Nima nemana, don a lokacin duk wanda ya tambayi mai lambu a Ankara, babban birnin ƙasar nan, ni ake nuna masa. Ya gina gidan hutu a wani tsibiri a Ada, inda kogin Volta ke zuba a teku. Wuri ne mai kyau, wallahi, farin rairayi, kwakwa ta sunkuya kan ruwa, masunta na jan taru da asuba. Shi kuma bai ga wannan ba. Abin da yake so shi ne layin dogayen kwakwar adon nan masu farin jiki da ke tarbar mutum a ƙofar Aburi, dama da hagu, daga inda kwale-kwale ke tsayawa har bakin falonsa, da ciyawa shar a ƙarƙashi.

Na ce masa, ranka ya daɗe, Aburi kan tudu take, hazo na sauka mata da safe, ƙasarta na riƙe ruwa, kuma tun 1890 da aka buɗe ta ake yi mata hidima. Nan kuwa rairayi ne da iskar gishiri. Ya ce shi kuɗi yake biya, ba wa'azi ya zo ji ba. Muka yi jinga, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku, ya ce ciko sai itatuwa sun kama. Ba takarda, ba shaida. Mutumin da muka yi sallar azahar sahu ɗaya da shi!

Dashe arba'in na saya da kuɗina, kowanne ya kai ƙirjina. Baƙar ƙasa tifa biyu muka ɗura a buhuna muka riƙa ƙetarawa da kwale-kwale, kwana tara, ni da yara huɗu. Har yau kafaɗata ta dama tana tuna mini idan sanyi ya sauko. Kafin in taho na kama hannun mai gadinsa na kai shi bakin kogi, na ce: wannan ruwan kada ya taɓa shukata. In teku ta cika tana turo gishiri cikin kogin, ruwan ya zama zartsi. Daga tankin ruwan sama kaɗai za ka ɗiba. Ya ce to.

Bayan mako shida na koma. Tun daga cikin kwale-kwale na hango bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Na durƙusa a gindin na farko, ga farin ɓawo a saman ƙasar, na dangwala na sa a harshe. Gishiri. Ashe mai gidan ne da kansa ya hana a taɓa tankin, wai na wankan baƙinsa ne, ya sa aka jona famfo a kogi. Guda bakwai suka rayu cikin arba'in. Da na je karɓar ciko sai ya ce ai sharaɗi shi ne itatuwa su kama, kuma a gaban mutane ya ce matattun dashe na kawo masa. Ni! Babur ɗina na sayar na sallami yaran. Kuɗin na bar wa Allah, amma maganar nan ban yafe ba.

To ga amsarka. Yadda ake haƙa rami da zuba taki ba zan tsaya faɗa maka ba, in ba ka iya ba bayan shekara biyu a hannuna, koma sayar da katin waya. Abin da ba ku yi, ku 'yan yanzu, shi ne duba wuri. Hoto kawai kuka sani. Kuna cika dandalin tunawa da Kwame Nkrumah tun da aka sake buɗe shi a Yulin 2023, kowa na ɗaga waya, ba wanda zai sunkuya ya ga daga ina ruwan ciyawar yake zuwa, alhali teku na nan kusa da wurin.

Je ka ɗanɗana ruwan rijiyar mutumin da harshenka. Dubi ƙofar ƙarfensa, in tsatsa ta cinye ta, haka iskar za ta yi wa ganye. Dubi abin da ya rayu a gidajen maƙwabta ba tare da an lallaɓa shi ba. Kwakwa za ka fara jerawa ta ɓangaren teku ta tare iska, dogon yaro daga baya, sannan kayan ado su ɓuya a tsakiya. Kwakwar ma ka san inda ka sayo ta, don ciwon nan da aka fara gani a yankin Keta a 1932 ya share gonakin kwakwa da yawa a gaɓar ƙasar nan. Kada ka dasa komai sai ruwan Afrilu ya sauka.

Kuɗi kuwa, na dashe da ƙasa da mota duk ya biya kafin ka ɗaga shebur, kuma a rubuta wanda ban ruwa ke wuyansa, ya sa hannu gaban mutum biyu. In ya ce lallai sai Aburi, ba shi haƙuri ka taho.

Ranar Asabar bayan asuba ka same ni a tashar Kaneshie, ka zo da gorar roba wadda ba komai ciki. Ni zan ɗanɗana ruwan nan da kaina.