Anole ba hawainiya ba ce

Malam, ka tambaya ko anole na Kuba hawainiya ce tunda tana canza launi. A'a, ƙadangare ne, kuma galibi daga kore zuwa ruwan ƙasa kawai yake juyawa.

Ni abin da ya fi burge ni, anole iri-iri ne, kuma siffar jikin kowanne mazauninsa take bi. A tsibiran Kuba, Jamaika, Hispaniola da Puerto Rico da ke yankin Karibiyan, mai zama gindin bishiya dogayen ƙafafun baya gare shi, na gudu da tsalle. Na siraran rassa kuwa ƙafafunsa gajeru ne, lallaɓawa yake a hankali.

Namijin yakan baza wata fata mai launi a wuyansa, yana gyaɗa kai kamar ƙadangaren katangarmu, don korar wani namijin ko janyo mace.