Me Ya Sa Masu Windows da Masu Linux Ba Sa Ga-maciji?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa abokanka biyu a unguwar Nima ta Accra suke musu kan Windows da Linux, wato manhajojin da ke tafiyar da kwamfuta, tamkar magoya bayan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Hearts of Oak da Asante Kotoko. A ganina, wanda ya kwana uku yana fama kafin Ubuntu, wadda nau'i ce ta Linux, ta gane firintarsa ba zai yarda a ce wahalarsa ta tashi a banza ba, shi ya sa yake kare ta kamar mahaifarsa. Akwai kuma aƙida a ciki, domin Linux, wadda Linus Torvalds ya fitar a 1991, kowa yana iya duba cikinta ya gyara, alhali Windows tana kulle a hannun Microsoft. Shi kuwa mai zagin Linux, wayar Android da ya sayo a kasuwar wayoyi ta Circle a Accra, a kan ginshiƙin Linux ɗin aka gina ta.