Ƙananan Abubuwan da ke Ƙona Mana Rai a Zangon Kumasi

Ƙanena, ka tambaye ni abin da ya fi damun mu a zaman Kumasi, nan ƙasar Gana, sai kuma ka ba kanka amsa tun ban buɗe baki ba: wai kiɗan coci da zama cikin Tonawa, wato Ashantawa 'yan ƙasa. Ba nan gizo ke saƙar ba. Kakan mahaifina fataucin goro ne ya kawo shi ƙasar Gwanja, yaƙin Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, daga baya iyalinsa suka gangaro nan. A nan aka yanke mana cibiya, da kiɗan coci muka yi wayo. Wanda aka haifa a Aboabo ko Asawase, gangar masu kwanan addu'a ba ta hana shi barci, kuma maƙwabcinsa Batone bai san an yi assalatu ba sai ya ji ana shara. A 2018 wani minista ya kawo shawarar a riƙa kiran salla ta WhatsApp don a rage ƙara, mutane suka yi masa ca, zancen ya bi ruwa. Abin da ke ƙona mana rai bai kai wannan girma ba, kuma yawancinsa a tsakar gida yake.

Ku a Kano, ko talaka ne yana ƙoƙarin ya samu ɗan gida mai zaure da katanga, matarsa ta sake a ciki. Mu nan yawancinmu gidan haya ne, ɗakuna a jere sun kewaye fili ɗaya, Bahaushe a wannan ɗaki, Bamoshe a na gaba, Bazabarme, Dagomba, Kotokoli, kowa da iyalinsa da murhun gawayinsa a bakin ƙofa. Kafin ka shiga ma, mai gida zai ce ka kawo kuɗin shekara biyu a dunƙule, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta ce. Wannan mun saba, ba ma ko ƙorafi. Rigimar tana wurin mita.

Gida guda mita ɗaya. To yaya za a raba kuɗin wuta? Sai a bi ɗaki ɗaki a ƙirga kaya, kowane abu da makinsa: ƙwan fitila kaza, fanka kaza, talabijin kaza, firiji da dutsen guga su ne manya. A tara maki, a raba kuɗin a kansu. A takarda adalci ne tsantsa. A zahiri kuwa babu gidan da ba shi da mutum ɗaya mai rantsuwa cewa ƙwai ɗaya da rediyo kaɗai gare shi, amma kullum rigarsa a goge take tsaf, kuma da sanyin asuba ana jin ruwa na tafasa a ɗakinsa ba a ga hayaƙi ba. Kowa ya san hita na ƙarƙashin gado. Ba mai iya faɗa, don gobe tare za ku tsaya sahu ɗaya. Da aka kawo mita mai kati muka ce an huta, ashe sabon salo ne. Kati zai ƙare da ƙarfe goma na dare, gida ya yi duhu, sai ka ji tsit, duk wanda ɗazu yake shewa a tsakar gida ya zama mai barci. Wanda zafi ya fi damu shi zai fita ya sayo, sa'annan ya shafe mako yana bin mutane bashin sidi biyar biyar. Ni a ganina shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta, musamman 2015 da ake ɗauke wuta yini da kwana, sun fi zaman lafiya a gidajen haya, don duhun na kowa ne, ba a zargin kowa.

Mata kuma nasu daban. Shara da wankin banɗaki bi da bi ake yi, ɗaki bayan ɗaki, kuma a gidaje da yawa gwauro ba ya cikin lissafi. Ranar da ya kawo amarya, kafin lallen hannunta ya goge an nuna mata ranarta. Sai wadda ba ta taɓa ciwon baya sai ranar shararta, da wadda ke cika igiyar shanya tun asuba ta tafi kasuwar Kejetia ba ta dawowa sai magariba. Matata tana iya yafe bashi, wannan ba ta yafewa.

Na san abin da ya ba ka haushi da ka ga hotunan unguwarmu, wato yadda ake toshe titi da rumfuna da kujerun roba. Gaskiya ne, suna, ɗaurin aure, addu'ar uku, ta bakwai, ta arba'in, duk a kan titi ake yi. Ina za a yi? Ɗaki ɗaya ba ya ɗaukar jama'a. Direban taksi zai leƙo ya ga rumfa, ya juya ya nemi wani lungu, ba zagi, don ya san watarana shi za a toshe wa. Ba toshewar ke damun mu ba. Yayi ne, abin da kuke kira anko. Kowace hidima da atamfarta, in ba ki saya ba an lura, in naki ya zo ba za a saya ba. Akwai matan da akwatinsu ya cika da kayan da sau ɗaya aka sa.

Ka ce in ka samu hutu za ka zo, to bari in gaya maka inda baƙinmu na gida ke kunyata mu. Tonawa ranar Asabar suke jana'izarsu, da baƙaƙen kaya da jajaye, kuma muna zuwa, don su ma suna zuwa tamu. In ka shiga inda mutane ke zaune a jere, daga damanka za ka fara gaisuwa ka bi layi zuwa hagu, kowa ka ba shi hannu. Baƙon Kano kuwa sai ya hango wanda ya fi kama da babba ya nufe shi kai tsaye, ya tsallake mutum goma. A wurinku girmamawa ce, a nan kuwa ka raina goman nan. Haka in ka je gidan Batone, zai ba ka ruwa, ya zaunar da kai, sa'annan ya tambaye ka abin da ke tafe da kai, ko da shi ya kira ka. Kada ka ce ai ka sani. Ka faɗa daga farko.

Sai layin wace da safe, shinkafa da waken nan da ake dafawa da karan dafi har ta yi ja. Ka tsaya kana murna saura mutum ɗaya a gabanka, sai ya zaro takarda daga aljihu. Na mutum takwas zai saya, wannan da taliya da ƙwai, wancan ban da gari, na ukun a ƙara shito, soyayyen yajin nan, a sa ganda biyu, na huɗun bari ya kira shi ya ji. Kai da ka zo sayen na sidi goma sai ka tsufa a tsaye. Zancen kuɗi ma, tun 2007 aka cire sifili huɗu daga sidi, amma har gobe akwai dattawan da za su ce maka miliyan ɗaya suna nufin sidi ɗari. Mun iya da su. Wanda ba mu iya da shi ba shi ne baƙon da duk abin da aka ce masa sai ya ciro waya ya mayar da shi naira, ya ce kai, ai a Kwari rabin haka ne.

Dariyar Hausarmu kuma, a rage. E, yaro a nan zai ce maka mamana ya tafi kasuwa, mace da namiji duk ɗaya a bakinsa. Harshen da Bamoshe da Bawangare da Bayarabe da Bafillace suka haɗu suna ciniki da aure da shi sama da shekara ɗari, dole ya sauya. Mai dariyar nan a sa shi ya yi cinikin doya da Tuwi, harshen Tonawa, mu gani. Ita ma tambayar yaushe za ku dawo gida tana da ciwo fiye da yadda kuke zato. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita, mutane suka sayar da gidaje a wulaƙance, wasu suka isa Najeriya ba su san kowa ba. Waɗanda suka rage har yau in sun je rajista sai wani ma'aikaci ya dube su ya ce, to amma asalin garinku fa? Can a ce mana baƙi, ku kuma ku ce mu dawo.

Na ƙarshe kuma kai ne mai laifin. Agogonku yana gaban namu da awa ɗaya. In ka idar da asuba ka ɗauki waya don sada zumunci, mu nan ko ladan bai tashi ba. Kuma in Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata a Sakkwato, kada ka kira ni da tsakar dare kana cewa ku ba ku ji ba ne. Mun ji. Sanarwar Babban Limamin ƙasa, Shehu Usmanu Nuhu Sharubutu, muke jira daga Ankara, wato Accra babban birninmu, ita ce za ta gaya wa matata ko ta jiƙa shinkafa.