Mai zanen gininmu ya ce mu gina makaranta da bulon ƙasa: shawara ce ko ƙwauro?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Funtuwa. Mun tara gudummawa za mu gina ajujuwa huɗu. Mai zanen da muka samu ya dage a yi da bulon jar ƙasa, a ɗaga kwano sama da silin, kuma a bar wani gefen filin ba gini saboda hanyar ruwa. Wasu iyayen yara sun ce wannan komawa ƙauye ne. Shin ba aikinsa ba ne ya zana abin da masu kuɗin suka ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Kun yi dace da mai zane, kada ku sake shi.

Gaskiya ne ku ne kuka ɗauke shi, kuma ku za ku biya shi. Amma amanar da ke wuyansa ba ta tsaya a kanku ba. Akwai yaran da za su zauna a ajin nan da azahar a watan Afrilu, waɗanda ba wanda ya tambaye su ra'ayinsu. Akwai maƙwabcin da ke gangare, wanda ruwan filinku zai nufi ƙofarsa. Akwai leburan da zai hau katako ba tare da wata kariya ba. Duk waɗannan suna da haƙƙi a kan zanen. A watan Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Tun daga ranar, duk lokacin da aka kawo mini zanen makaranta sai na ji nauyinsa ya ƙaru a zuciyata.

Mu fara da zafi, don shi ne abin da kuka fi sani. Ku shiga aji na bulon siminti mai inci shida, da kwano a manne ba silin, da ƙarfe biyu na rana. Yara na gyangyaɗi, malam na fifita da littafi, gumi na ɗiga a kan allo. Sai ku fita ku shiga tsohon zauren wani dattijo a cikin gari, ku ɗora tafin hannu a bango. Sanyin da za ku ji daga kaurin bangon yake. Ƙasa na shan zafin rana a hankali, ba ta sako shi ciki sai dare ya yi, lokacin da iska ta riga ta huce. Ɗaga kwanon da ya ce kuwa, dabara ce ta barin iska ta ratsa tsakanin kwano da silin ta kwashe zafin kafin ya sauko. Haka mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar firamare ta ƙauyensu Gando, a Burkina Faso, wadda aka kammala a 2001. Mutanen garin ma da farko sun yi ta gunaguni, wai ya je Jamus ya yi karatu ya dawo musu da ginin laka. Makarantar ta samu kyautar Aga Khan ta zanen gine-gine a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi Pritzker, babbar lambar yabo ta masu zanen gini.

Ba ma sai mun je Burkina ba. A Dandaji, cikin jihar Tawa a Nijar, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, suka gyara tsohon masallacin garin na laka ya zama ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ƙasar daga nan kusa aka ɗebo ta, kuma magina na yankin ne suka yi aikin, don haka kuɗin ƙwadago ya zauna a aljihun mutanen wurin, sana'a kuma ta ƙaru a hannunsu. A wannan jihar dai masallacin Yama yake, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya kuma ci kyautar Aga Khan tun 1986. Idan iyayen yara sun ce ƙauyanci ne, ku tuna musu masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, da bakan gizon rufinsa da masana suka daɗe suna zuwa kallo.

Ta fuskar muhalli, ana samar da siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa a wuta mai zafin kusan digiri 1,450. Man da ake ƙonawa na fitar da hayaƙi, shi kansa dutsen ma yana sakin iskar kabon idan ya gasu. Wannan masana'anta ita kaɗai ke da alhakin kusan kashi 8 cikin ɗari na iskar kabon da duniya ke fitarwa. Bulon da ake ba ku shawara siminti kaɗan ake sa masa, kamar kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, don ya jure ruwa.

Sai batun gefen filin da ya ce a bari, wanda ni a wurina ya fi komai muhimmanci. Na taɓa duba wani gida da mai shi ya gine filinsa kaf, har ya haɗa da kwatar unguwa, ya malale tsakar gida da siminti. Daminar farko, ruwan ya rasa hanya ya shige gidan wata gwauruwa da ke bayansa. Na ga tabarminta da buhun masararta a jiƙe an baza a rana, bangon ɗakinta ya tsage daga ƙasa. Wanda ya zana wancan gida ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Abin da ke faruwa a birnin Kano ke nan a faɗaɗe, inda aka cike kududdufai da dama aka yi gini a kai, alhali su ne ke karɓar ruwan unguwanni. A wannan gefen naku ku shuka darbejiya, yara su samu inuwar karatu, ƙasa ta samu inda za ta sha ruwa.

Amma kada in ɓoye muku, ginin ƙasa yana da sharuɗɗa, kuma idan aka karya su masu sukar za su yi gaskiya. Ba kowace ƙasa ce ke yin bulo ba. Mai yumɓu da yawa tsagewa take yi, mai yashi da yawa kuma ba ta kamawa, don haka dole a gwada kafin a fara bugawa. Harsashin ginin ya zama na dutse ko kankare, ya taso sama da ƙasa sosai yadda ruwan da ke fallatsa ba zai ci gindin bango ba. Bakin kwano ya zarce bango da kyau, musamman ta gabas, inda ruwa mai iska ke bugowa a ƙasarmu. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa suke shafe bango da makuba. Kuma kada kowa ya yi muku alkawarin araha ido rufe. In ƙasar na kusa kuma akwai birkila da ya iya aikin, za ku samu sauƙi. In sai an yi jigilarta daga nesa, kuɗin tifa zai cinye ribar.

Ku ƙara wa mai zanen buƙata guda: a yi gangare a ƙofar aji don yaro mai keken guragu. Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta wajabta hakan a gine-ginen jama'a.

Kafin ku zauna da iyayen yara, ku tabbatar mai zanen yana da rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya. Sannan ku roƙe shi ya buga bulo kamar hamsin da ƙasar filinku, a jera ɗan bango a bar shi ruwa ya dake shi. Ku ɗauki mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi adawa, ya kai ku wani gini irin wannan da ya ga damina uku ko fiye, ku shiga ciki da tsakar rana.