Amsa: Wai Apple ne ya fara ƙera ƙaramar kwamfuta?

A'a malam, ba Apple ba ne gaskiya, kafin su akwai wani ɗan kamfani MITS a garin Albuquerque can jihar New Mexico a Amurka. Ed Roberts ne ogansu, kalkuleta suke yi da farko, sai manyan kamfanoni irin su Texas Instruments suka karya farashi kasuwa ta ruguje musu bashi ya yi musu katutu. Shi ne fa ya yi kundumbala ya fito da wata ƙaramar kwamfuta mai suna Altair 8800, har mujallar Popular Electronics ta saka ta a bangonta na Janairun 1975.

Kar ka zaci irin kwamfutar yanzu ce fa. Akwati ne kawai, ba allo ba kibod, sai ƴan makunnai da kake ɗagawa sama da ƙasa da jajayen fitilu suna ƙyaftawa, memori ɗinta bayit 256 kacal, kuma yawanci a wargaje ake aiko maka ita kai za ka zauna ka haɗa abarka. Duk da haka oda ta yi musu yawa har suka kasa cikawa.

Bill Gates da Paul Allen ma ita suka rubuta wa BASIC, wato yaren da ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi, daga nan Microsoft ya samo asali. Apple sai 1976. A 1977 Roberts ya sayar wa wani kamfani Pertec da MITS ɗin, daga baya ya koma makaranta ya zama likita a jihar Jojiya.