Amsa ga mai son haɗa NAS da faya-fayai huɗu masu 16TB

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka cewa kana son sayen faya-fayai huɗu masu 16TB ka haɗa su a NAS (na'urar ajiyar fayiloli da ake shiga ta hanyar sadarwar gida) da RAID 5 (tsarin haɗa faya-fayai su yi aiki kamar ɗaya, wanda ke jure mutuwar faifai ɗaya) a gidanka na Kubwa domin ajiye bidiyon bukukuwan da kake ɗauka, kuma ban iya wucewa ba, saboda irin wannan haɗin ne ya jefa ni cikin halin da ba na yi wa kowa fatansa. Lissafin yana da daɗi a takarda: ka sadaukar da faifai ɗaya, ka samu 48TB. Matsalar tana ɓoye ne a ranar da faifai ɗaya ya mutu.

Idan ka saka sabo, dole na'urar ta karanta sauran ukun daga farko har ƙarshe kafin ta cike gurbin wanda ya mutu, abin da ake kira sake gini. Faifai mai 16TB da ke rubutu a kan kimanin 200MB a daƙiƙa yana buƙatar wajen awa 22, idan ba a taɓa na'urar ba ke nan, idan kuwa ana aiki da ita sai abin ya kai kwanaki. A duk tsawon wannan lokaci ba ka da sauran kariya, kuma kai ma ka san ba kowace unguwa ce a Abuja za ta ba ka wuta ta kwana da yini ba tare da an ɗauke ba. Ka yi RAID 6, ko takwaransa RAIDZ2 idan manhajar TrueNAS za ka ɗora. Za ka koma 32TB, wanda kwamfuta za ta nuna maka kusan 29, amma faifai biyu za su iya mutuwa aikinka yana nan.

Ni nawa faya-fayan a wani shago na saye su a Wuse. Mai shagon ya fito da su cikin leda a liƙe, ya rantse sababbi ne, ya kira ni babban yaya, har ya haɗa a kwamfutarsa ya nuna mini cewa awannin aikinsu a SMART, wato kundin lafiyar da faifai ke ajiyewa game da kansa, sifili ne. Ba a yi nisa ba ɗaya ya fara ƙara kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Na sa wani faifan, aka fara sake gini, ana tsakiya aka ɗauke wuta da dare, kafin janareto ya tashi na'urar ta mutu, da ta dawo kuma faifai na biyu ya ƙi tashi. A ciki akwai bikin wata baiwar Allah da ban riga na miƙa ba, kamu da ɗaurin aure da kai amarya, abin da ba a maimaitawa. Mahaifiyarta ta kira ni, ba ta zage ni ba, sai ta ce, "Ɗana, ko hoto ɗaya babu?" Har yau wannan maganar tana damuna. Da na koma wurin mai shagon da rasit, sai ya ce wutar gidana ce ta ƙona su, ya ce shi garantinsa mako ɗaya ne, ya juya yana ciniki da wani kamar bai taɓa ganina ba. Da na duba lambobinsu a shafin kamfanin da ya ƙera su, sai na tarar garantinsu ya ƙare tun kafin su shigo hannuna, ashe tsofaffi ne aka goge musu awanni. Allah ya isa tsakanina da shi.

Saboda haka kada ka biya kuɗi sai ka duba lambar kowane faifai a shafin kamfaninsa, kana tsaye a shagon. Faya-fayan kamfanin Seagate suna da wani kundi na biyu mai suna FARM, wanda manhajar smartmontools daga sigar 7.4 take iya karantawa, kuma da shi aka gano a 2025 cewa wasu dillalai a ƙasashen waje suna sayar da tsofaffi a matsayin sababbi. Ka tabbatar kuma salon rubutun faifan CMR ne, ba SMR ba, domin SMR yana jan ƙafa matuƙa wajen sake gini. Faya-fayan IronWolf da na WD Red Plus duk CMR ne. Idan da hali ka raba sayen tsakanin dillalai biyu, kuma kafin ka zuba aikin mutane ka bar su su kammala dogon gwajin SMART, ko da zai cinye maka yini.

Maganar wuta kuwa, inbata kaɗai ba ta wadatar ba. Ka nemi UPS mai kebul na USB ka haɗa shi da NAS ɗin, domin shi ne zai sanar da ita cewa batir ya kusa ƙarewa ta kashe kanta cikin tsari. Kuma kada ka kulle ta cikin kabad. Zafin Maris da Afrilu a garin nan ba wasa ba ne, ƙurar hunturu kuma tana toshe fanka, don haka ka riƙa duba zafin faya-fayan, idan suna haura digiri 45 ka sauya mata wuri.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu cewa RAID ya isa ajiya. Idan yaronka na shago ya goge babban fayil bisa kuskure, ko ɓarawo ya ɗauke akwatin, faifai huɗun tare za su tafi. Duk bikin da ba ka miƙa ba, ka bar kwafinsa a wani faifai daban da ke gidan ɗan'uwa ko ofis, kuma kada ka goge katin kyamara sai aikin ya zauna a wuri biyu. Wajen kwashewa ka ja waya Cat6 daga rauta, ka rabu da Wi-Fi; gigabit zai ba ka kusan 110MB a daƙiƙa, wato terabait ɗaya cikin awa biyu da rabi.