Tambayi Likita: Ƙofofin zuciya, ɓerayen gwaji da maganin rage ƙiba

Tambaya: Likita, ni ɗalibin harhaɗa magunguna ne. Wai ɓera ma yana ciwon ƙofar zuciya?

Amsa: Ƙwarai kuwa. Ɓerayen gwaji irin su Sprague-Dawley, idan sun tsufa, ƙofofin zuciyarsu, wato masu hana jini komawa baya, kan yi kauri ko ba a ba su komai ba. Shi ya sa idan ana gwada sabon magani sai an kwatanta su da 'yan'uwansu da ba su sha ba, kafin a ce maganin ne ya jawo ciwon, ko ya tsananta shi, ko kuwa tsufa ne kawai.

Tambaya: Likita, na sayi kafson rage ƙiba a intanet, mai sayarwa ta ce ganye ne zalla, ba ya da illa. Na rame kam, amma yanzu ko shara na yi sai haki, ƙafafuna kuma suna kumbura. Ta ce kitse ne ke narkewa.

Amsa: 'Yar'uwa, ki daina shan sa yau, ki je asibiti yau. Narkewar kitse ba ta kumbura ƙafa. Wannan magana ta "ganye ne zalla" ta ishe ni, domin mun ga inda ta kai mutane.

Zuciya tana da ƙofofi huɗu da ke buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya koma baya. Akwai magungunan da ke sa su yi kauri su ƙanƙance, sai jini ya riƙa yoyo baya, ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. A 1997 likitocin asibitin Mayo a Amurka suka ba da rahoton mata 24 da ƙofofinsu suka lalace bayan shan fenfluramine haɗe da phentermine don rage ƙiba. A watan Satumban shekarar aka janye fenfluramine daga kasuwa. Faransa ma ta janye ɗan'uwansa benfluorex a 2009. Yadda suke ɓarnar shi ne, suna zaburar da wata kafa a jikin ƙofar, wadda wani sinadarin jiki mai suna serotonin ke kamawa, sai ƙwayoyin wurin su yi ta hayayyafa. Ɓerayen da aka daɗe ana yi wa allurar serotonin ma an ga haka a zuciyarsu.

Kuma a 2002 an gano fenfluramine ɓoye cikin wani maganin rage ƙiba da aka sayar a Singafo da sunan ganye. To naki, in ba shi da lambar NAFDAC, wa ya duba cikinsa?

Ki tafi da kwalbar. Ki nemi a saurari zuciyarki, a yi miki hoton zuciya na eko, a auna jini da ƙoda, don ƙarancin jini ko ciwon ƙoda ma na kawo waɗannan alamu. Idan kin kasa kwanciya sai da filo da yawa, ko haki ya tashe ki cikin dare, kada ki jira gari ya waye.

Tambaya: An rubuta mini cabergoline saboda ruwan nono na zuba ba haihuwa. Na ji yana taɓa zuciya.

Amsa: An fi ganin haka ga masu cutar karkarwa ta Parkinson da ke shan mai yawa kullum. Naki kaɗan ne a mako. Ki ci gaba, kada ki ƙara da kanki, in kin ji haki ki koma wurin likitanki.

Tambaya: Ɗana yana yawan ciwon maƙogwaro, kakarsa ta ce a cire belu.

Amsa: Don Allah a bar masa belunsa. Ciwon maƙogwaron da ba a magance ba, shi ne babban mai lalata ƙofofin zuciyar yaranmu. Ku kai shi asibiti a duba ko yana buƙatar penisilin, musamman idan gaɓoɓinsa sun fara ciwo.